KAFIN A TSAYA GABAN MAI HOTO

Duk wanda yake ratsa lambunan shaƙatawa na Abuja ko na Legas da yammacin Asabar, da wuya ya fita bai ga saurayi da budurwa sun ci ado sun tsaya a gindin wata bishiya ba, mai hoto ya durƙusa a gabansu, yaronsa yana riƙe da wani faifai mai ƙyalli da ke mayar da haske, mai kwalliya kuma tana gefe da akwatinta tana jiran ta goge gumi. Wannan shi ne hoton kafin aure, wanda samari suke kira firiwedin. Bayansa akwai hoton iyali da akan shirya lokacin Salla ko suna, sa'an nan ga wani baƙo da ya shigo a baya-bayan nan, watau hoton da mace takan ɗauka domin ta sanar da duniya cewa tana da juna biyu.

Jama'a sukan ɓata makonni wajen shirin irin wannan rana. A sayi shadda da leshi, a yi ta zarya wurin tela, a yi ƙunshi, a nemi mai ɗaurin ɗankwali, a biya mai hoto kafin alƙalami. Amma akwai tambaya guda wadda ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita: in an gama ɗaukar hoton nan, ina zai je, kuma wa ke da ikon kai shi can? Wanda bai amsa wannan tambaya ba tun kafin ya sa hula, to, bai gama shiri ba, ko nawa ya kashe.

DA DA YANZU

A zamanin da, hoto abu ne mai tsada da wuyar samu. Fim guda ba ya wuce hoto 24 ko 36, saboda haka mai hoto ba ya danna kyamara sai ya tabbata kowa ya kintsa. In an wanke, a ba mai shi guda biyu ko uku, ɗaya a sa a firam a rataya a ɗaki, sauran a adana a albam ko a ƙasan adaka. Wanda zai ga hoton amarya sai ya yi sallama ya shiga ɗakinta, ita kuma ta ga dama ta miƙo masa.

Duk da haka, ko a wancan zamani hoto yakan yi tafiyar da mai shi bai taɓa tsammani ba. A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Ya tanadi rediyo da agogon hannu da alƙalami da babur, domin duk wanda ya zo ya ara ya yi hoto da su. 'Yan mata da ma'aurata da magidanta sun yi ta zuwa, kowa yana nufin ya sami abin aika wa dangi. Shi kuwa Keita ya adana baƙaƙen fina-finan da ake wanke hotunan daga jikinsu, dubbai a cikin akwati. A 1991 aka nuna waɗansu daga cikin hotunan a birnin Niyok na Amurka ba tare da ko sunansa ba, daga baya aka bi sawu aka gano shi, a 1994 kuma aka baje su a Faris, babban birnin Faransa. Yau fuskokin mutanen nan suna rataye a gidajen kayan tarihi na ƙasashen da ba su taɓa takawa ba.

Haka ya faru a nan gida Nijeriya. Solomon Osagie Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, ya buɗe shagonsa mai suna Ideal Photo Studio a 1942, ya yi shekaru yana ɗaukar iyalai da amare da angwaye na birnin. A 2014 aka nuna aikinsa a gidan kayan tarihi na Smithsonian da ke Washinton. Waɗannan an nuna su ne da mutunci, jikokin masu hoton ma suna alfahari da su. Abin lura dai shi ne, hoto yakan fi mai shi tsawon rai, kuma ba ya neman izini kafin ya yi tafiya.

In hoton takarda ya yi shekara arba'in kafin ya ƙetare teku, na yau ba ya buƙatar minti guda. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya aka sami masu kyamara, aka kuma sami Facebook da WhatsApp da Instagram, hoto ya zama kamar maganar da Hausawa suka ce zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Mai shi yana iya goge nasa, amma ba shi da ikon goge na wayar wanda ya riga ya kwafa.

HOTON KAFIN AURE

Dalilin da ya sa ake gaggawar wannan hoto sananne ne. Ana so a buga shi a katin gayyata da kalanda da jaka da littattafan rubutu da za a raba ranar biki, maɗaba'a kuwa tana bukatar makonni. Saboda haka sai a ɗauka tun ana saura wata ɗaya ko biyu, wani lokaci ma tun ba a sa rana ba.

A nan ne matsalar take. Baiko alkawari ne, ba aure ba, kuma kowa ya san akan fasa aure bayan an kai lefe, har akan fasa ana gobe ɗaurinsa. In haka ta faru, namiji yakan kakkaɓe rigarsa ya nemi wata, amma yarinyar ita ce za ta zauna da hoton da ya riga ya zaga gari, tana jingine da kafaɗar mutumin da bai zama mijinta ba. Duk manemin da ya fito daga baya, ba za a rasa mai tura wa danginsa ba. Kalandar da aka buga kuwa, in ba a ƙone ta ba, ƙarshenta a gan ta wurin mai tsire ko mai ƙosai.

Hausawan da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan suna ganin yadda maƙwabtansu Yarbawa suke cika fili da masu hoto ranar da suke kira ingejimen, sai waɗansu su ɗauka ai baiko ke nan. Alhali kuwa wannan rana a wurin Yarbawa ita ce ta auren gargajiya, iyaye na ɓangare biyu suna zaune, an kawo kaya, an miƙa amarya. Wanda ya ari hoton bai ari sharaɗin da ke tare da shi ba, ya yi aron rabi.

Malamai sun sha yin wa'azi a kan keɓewar saurayi da budurwa da taɓa juna kafin ɗaurin aure, kuma wannan hukunci ba ya canzawa don akwai kyamara a wurin. Gidaje da yawa sun sami mafita mai sauƙi. Waɗansu sukan bari sai an ɗaura aure, a ɗauki hoton a 'yan kwanakin da ke tsakanin ɗaurin aure da tarewa, lokacin da babu mai cewa uffan. Kayan rabo kuwa sai a buga sunayen ango da amarya da ranar biki kawai. Waɗanda suka ga lalle sai an yi kafin nan, to, ya kamata iyaye su sani, a tafi da yayar amarya ko gwaggonta, kuma a gaya wa mai hoto iyakar tsayuwar da aka yarda da ita tun a shago. Yawancin masu hoto suna kwaikwayon abin da suka gani ne a hotunan ƙasashen waje, in ba a ja musu layi ba za su ce matso, riƙe hannunta, dafa shi, yarinya kuwa kunya ta hana ta musu a gaban mutane.

HOTON JUNA BIYU

Wannan al'ada daga Amurka ta taso, kuma ko a can ba tsohuwa ba ce. A watan Agusta na 1991 mujallar Vanity Fair ta buga hoton 'yar wasan fim Demi Moore a bangonta, tana da cikin wata bakwai, babu sutura a jikinta. Annie Leibovitz ce ta ɗauka. Abin ya ta da ƙura har waɗansu kantuna suka ƙi sayar da mujallar, waɗansu kuma suka naɗe ta a takarda. Daga nan ne hoton ciki ya fara zama ado a can. A ranar 1 ga Fabrairu 2017 mawaƙiya Beyonce ta sa hotonta a Instagram tana sanar da cewa tagwaye take ɗauke da su, miliyoyin mutane suka yaba, mata a ƙasashe da dama suka shiga kwaikwayo.

A ƙasar Hausa kuwa ciki abin sakayawa ne. Mai cikin fari takan yi ta ja da mayafi har sai abin ya gagari ɓoyo, in watanni sun ja a kai ta gidan iyayenta goyon ciki, jama'a kuma ba sa jin labari sai an sauka lafiya, a taru ranar suna. Matasa da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin duhun kai, amma akwai hikima a ciki wadda likitoci ma ba su musa ba. Galibin ɓarin da ake yi yana faruwa ne a cikin makonni 12 na farko, shi ya sa ko a ƙasashen Turawa ma'aurata da yawa ba sa faɗa wa kowa sai an wuce wata uku. Macen da ta sanar da mutum dubu cewa tana da ciki, in Allah ya kawo ƙaddara, mutum dubu ne za su yi ta tambayarta yaushe ne suna. Facebook kuma yana da ɗabi'ar dawo wa mutum da tsohon hotonsa duk shekara in ranar ta zagayo, ba ruwansa da abin da ya faru a tsakani.

Wannan bai hana mace ta ɗauki hoto domin kanta da mijinta da ɗan da za a haifa ba. Masu sana'ar sun fi son tsakanin mako na 28 da na 34, lokacin da ciki ya fito sosai amma nauyi bai kai ga hana tsayuwa ba. A yi shi a gida ko a shago a rufe, in da hali mace ta ɗauka. A tanadi kujera da ruwan sha, kada a wuce sa'a guda, a bar takalmi mai tsini, kada kuma a sa ta kwanciya rigingine na tsawon lokaci, domin nauyin ciki yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, har jiri ya ɗebe ta. In an gama, a adana hoton sai bayan suna, sa'an nan miji da mata su zauna su yanke wanda za a nuna wa. Ba daidai ba ne uwar mace ko surukarta ta fara jin labarin jikanta a wayar maƙwabciya.

Akwai kuma masu sa hoton sikanin na asibiti. Irin wannan takarda takan ɗauki sunan mace da kwanan wata da sunan asibiti da adadin makonnin cikin a gefenta. Wanda ya watsa ta ya gaya wa duniya inda matarsa take zuwa awo da watan da za ta haihu.

HOTON IYALI

A cikin ukun nan wannan ne ya fi cancantar a kashe masa kuɗi, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci. Gidaje nawa ne suke da hoton biki ɗari biyar a waya, amma ba su da ko guda na kaka tana zaune a tsakiyar jikokinta? Sai an yi rasuwa a shiga neman hoton katin zaɓe ana ƙara masa girma.

Shirinsa yana bukatar dattaku. A zaɓi ranar da 'yan ci-rani da 'yan makaranta suke gida, kamar kashegarin Salla. A fara da tsofaffi da ƙananan yara, domin su ne ba sa jure jira, kuma a tabbata yara sun ci abinci sun yi barci. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, maigida ya tsara wurin zaman kowa tun da dare, uwargida a matsayinta, amarya a nata, kuma duk yawan hoton da aka yi wa ɗaki ɗaya a yi wa ɗayan. Mai hoto baƙo ne, bai san wace ce wace ba, in aka bar masa tsarin zai jera mutane ne bisa tsawo da launin kaya, hoton da aka yi don zumunci ya zama abin gori na shekara ashirin. Wadda ba ta son a ɗauke ta, ko dattijon da yake ƙyamar hoto saboda fahimtarsa ta addini, a ƙyale su ba tare da tsegumi ba.

Sa'an nan a duba abin da ke bayan mutane. Lambar gida, lambar mota, rigar makarantar yara mai ɗauke da tambari, duk bayani ne ga wanda yake nema. A wannan zamani da satar mutane don kuɗin fansa ta addabi ƙasa, hoton da ya nuna yaro da sunan makarantarsa da ƙofar gidansu bai kamata ya fita daga cikin dangi ba. Wayoyi da yawa kuma suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, sai in an kashe wannan a cikin saitinsu.

HASKE DA LOKACI

Mai hoto na ƙwarai ba zai yarda a fita da rana tsaka ba, domin hasken da ke saukowa daga sama yana sa duhu a ƙarƙashin ido da hula, ga gumi yana wanke kwalliya. Lokacin da ya fi shi ne da hantsi kafin rana ta yi zafi, ko kuwa da la'asar sakaliya. A Legas da Ibadan da Abuja rana tana faɗuwa ne tsakanin ƙarfe 6 da wajen ƙarfe 7 duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri, saboda haka amaryar da mai kwalliya ta riƙe har ƙarfe 6 ta yi asarar ranar. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma yana busar da leɓe da fata. A kudu kuwa ruwan Yuni da Yuli ba ya sallama, wanda ya sa rana a lokacin sai ya tanadi ta biyu. Wuraren shaƙatawa da dama suna karɓar kuɗi dabam in sun ga babbar kyamara, gara a tambaya tun kafin a kwaso mutane.

Abu na biyu shi ne launin fata. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana daidaita launin wankin hotonsa ne da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fito da mai ɗauke da mata masu launi dabam-dabam. Kyamarorin yau sun gyaru ƙwarai, amma har yanzu baƙin mutum cikin farar shadda jarrabawa ce ga mai hoto: in bai iya ba, ko fuska ta dushe ko aikin rigar ya ɓace. Kafin a biya, a ce ya nuna irin wannan a cikin aikinsa na baya. A kuma gaya masa iyakar gyaran da ake so, don kada ya mayar da amarya fara sol har danginta su kasa gane ta. Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar gwaninta ba ce.

A RUBUTA A TAKARDA

Mutane da yawa suna zaton tun da su suka biya, hoton nasu ne ɗungurungum. Doka ba haka ta ce ba. Bisa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, haƙƙin mallakar hoto yana hannun wanda ya ɗauka ne, sai in an yi yarjejeniya a kan saɓanin haka, kuma mayar da wannan haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Amma dokar ba ta bar mai biya hannu rabbana ba. Wanda ya sa aka ɗauke shi hoto domin amfanin kansa da gidansa yana da damar yin amfani da shi ta hanyar da ba ta kasuwanci ba, yana kuma da ikon hana a buga shi ko a baje shi ko a watsa wa jama'a, muddin bai sa hannu a kan wata yarjejeniya da ta sarayar da wannan iko ba.

A nan ne ya kamata a buɗe ido. Mai hoto yana samun sababbin masu ciniki ne ta hanyar nuna aikinsa a Instagram ko a allon ƙofar shago, saboda haka waɗansunsu sukan sa layi a cikin rasit ko takardar ciniki cewa an yarda su yi talla da hoton. Wanda ya sa hannu bai karanta ba, ya ba da abin da doka ta ba shi da hannunsa. Tun ran gini tun ran zane: a rubuta kuɗin aiki da na kafin alƙalami, da yawan sa'o'i, da yawan hotunan da za a gyara, da ranar da za a karɓa, da abin da za a yi in ruwa ya hana. A ƙarƙashin wannan a rubuta a fili ko an yarda ya nuna hoton ko ba a yarda ba, da tsawon lokacin da zai riƙe kwafi a kwamfutarsa, da cewa in aka fasa auren zai goge. Mai kwalliya da mai ɗaurin ɗankwali su ma suna ɗauka da wayoyinsu domin talla, kuma sau da yawa ta wurinsu ne hoton amarya yake fara fita. Su ma a gaya musu.

Daga ƙarshe, abin da aka zaɓa a adana, a adana shi da gaske. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto yakan rage ƙarfi, in an zo wankewa ya fito dishi-dishi, don haka a karɓi na asali a ajiye a wuri biyu. A wanke guda goma ko ashirin a takarda, a rubuta sunayen mutane da shekara a bayansu da fensir, domin tawadar biro tana ratsa takarda, a kuma nisanta albam daga bango mai danshi. Jikan da zai buɗe shi bayan shekara hamsin zai so ya san wace ce wannan da ke zaune a dama, kuma ɗiyar wa ce.

Shawara dai ɗaukar ɗaki ce. Iyaye su zauna da 'ya'yansu, miji ya zauna da matarsa, a yanke wa zai ga hoton tun kafin a kira mai hoto. Allah ya sanya albarka a aure da zuriya, ya rufa asirin kowa.